Kimiyya A Sauƙaƙe: Yadda Sabulu Da Lantarki Ke Tankaɗe Furotin A Kan Ɗan Gilashi

A wannan mako ɗakin gwaje-gwaje za mu shiga, amma bari mu biya ta madafa tukuna. Kowa ya san aikin rariya: a zuba gari a girgiza, mai laushi ya faɗa ƙasa, tsaki ya tsaya a sama. Girma ne kaɗai ya raba su. To yaya za a yi idan abin da ake son tankaɗewa ya yi ƙanƙantar da ko madubin likita na makarantarmu ba ya iya nuna shi, kuma a narke yake cikin ɗigon jini ko na madara? Wannan ita ce matsalar masu nazarin furotin. Sun warware ta da abubuwa uku da duk muka sani: lantarki, sabulu da rariya. Yau kuma an ƙanƙantar da aikin gaba ɗaya, ya koma kan wani ɗan gilashi da bai kai tafin hannu ba.

Mene ne furotin?

A darasin kimiyyar halittu an gaya mana cewa wake, nama, kifi, ƙwai da madara suna gina jiki saboda furotin ɗin da ke cikinsu. Gaskiya ne, sai dai furotin iri-iri ne, dubbai. Wanda ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini daban, wanda ke narkar da abinci daban, wanda ke yaƙi da ƙwayoyin cuta daban.

Ku ɗauki kowane furotin kamar sarƙar duwatsun wuya. Duwatsun su ne ake kira amino asid, kuma kala 20 ne. Yawansu da yadda aka jera su shi ke bambanta wannan sarƙa da waccan. Insulin, wanda masu ciwon sukari ke allurarsa, duwatsu 51 gare shi. Himogulobin, wanda ke sa jininmu ja, sarƙoƙi huɗu ne a manne: biyu masu duwatsu 141, biyu masu 146.

Ana auna nauyin furotin da ma'aunin dalton. Dalton ɗaya ya yi kusan nauyin ƙwayar zarra ɗaya ta haidurojin, kuma kowane amino asid yakan kai kimanin dalton 110. Insulin yana da kimanin dalton 5,800. Albumin, furotin ɗin da ya fi yawa a ruwan jini, kimanin 66,000. Antibodi, wato sojan garkuwar jiki, kimanin 150,000. Saboda haka girma kamar shaida ce. Idan mai haɗa magani ya sa ran ganin furotin mai dalton 150,000, sai ya ga wani mai 66,000 ya biyo shi, ya san baƙo ya shigo. Idan kuma ya ga gutsattsari, ya san maganin ya fara lalacewa.

Abu ɗaya za mu riƙe kafin mu wuce: sarƙar furotin ba a miƙe take zama ba. Naɗewa take yi ta dunƙule kamar ƙwallon zare, kowace da irin naɗinta. Zafi yana warware wannan naɗi. Shi ya sa farin ƙwai, da yake ruwa garau, yake zama fari ya daskare idan an dafa shi.

Lantarki ya shigo

Ku duba batirin tocila, za ku ga alamar tarawa a wani kai, alamar ɗebewa a ɗaya kan. Wasu daga cikin amino asid suna ɗauke da cajin tarawa, wasu da cajin ɗebewa, wasu babu ko ɗaya. Idan aka haɗa lissafi, kowane furotin yana da nasa cajin. Mun kuma sani daga darasin fiziks cewa caji yana bin kishiyarsa. Don haka idan aka zuba furotin a ruwan gishiri na musamman aka ratsa shi da lantarki, mai cajin ɗebewa zai nufi ɓangaren tarawa, kuma wanda ya fi caji zai fi sauri. Wannan tafiya ita ake kira ilektiroforesis, ma'ana ɗaukar abu da lantarki.

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arne Tiselius na Jami'ar Uppsala, shi ne ya ƙera na'urar da ta fara yin wannan aiki da kyau a shekarar 1937. Da ita ya raba ruwan jini ya nuna cewa bayan albumin akwai wasu rukunoni uku, waɗanda aka raɗa wa suna alfa, beta da gama. An ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1948. Na'urar tasa ƙatuwa ce mai tsada, mai cinye wuri a ɗaki.

A 1949 Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu a Amurka suka sa himogulobin na masu lafiya da na masu ciwon sikila a irin wannan na'ura, suka ga gudunsu ya bambanta. Wannan ne karo na farko da aka nuna cewa canji a cikin furotin guda yana iya zama tushen cuta. Bayan 'yan shekaru Vernon Ingram a Kambirij ta Ingila ya gano ainihin wurin: dutse na 6 a sarƙar mai duwatsu 146. A himogulobin A, dutsen gulutamik asid ne a wurin, mai cajin ɗebewa. A himogulobin S kuwa balin ne ya maye gurbinsa, shi kuma ba shi da caji. Dutse ɗaya tak cikin 146, amma shi ne sanadin ciwon ƙashi da ƙarancin jinin da muke gani ga 'yan uwanmu masu sikila.

Za mu dawo kan wannan. A yanzu ku lura da wata matsala. Idan furotin biyu suka yi tsere a lantarki ɗaya ya riga, me ya sa ya riga? Yana iya yiwuwa ya fi caji. Yana iya yiwuwa ya fi ƙanƙanta. Yana iya yiwuwa naɗinsa ya fi dunƙulewa, don haka ruwa bai tare shi sosai ba. Dalilai uku sun cakuɗe, mai son sanin girma kaɗai bai sami amsa ba. Dole a kawar da biyu a bar ɗaya.

Aikin sabulu

Me ya sa ruwa kaɗai ba ya wanke kwanon miya mai maiƙo, sai an sa sabulu? Kowace ƙwayar sabulu tana da kai da wutsiya. Kan yana son ruwa, wutsiyar tana gudun ruwa tana son mai. Idan ta sami maiƙo sai ta cusa wutsiyarta a ciki ta bar kanta a waje, ruwa ya ja kan, maiƙon ya biyo. Duk sinadarin da ke da wannan hali biyu, masana suna kiransa safaktan. Sabulun wanka, garin wanki da ruwan wanke kwanuka duk dangi ɗaya ne.

Wanda masu nazarin furotin suka fi amfani da shi sunansa SDS. Wutsiyarsa jerin ƙwayoyin kabon 12 ce, kansa kuma yana ɗauke da cajin ɗebewa. Ba baƙonmu ba ne: yana cikin man goge baki da man wanke gashi da yawa, shi ke sa su kumfa, kuma akan samo tushensa daga man kwakwa ko man ƙwarar manja.

Idan an idan aka shigar da kwanuka ruwa babu ruwanmu, amma ga abin da SDS ke yi wa furotin. A cikin dunƙulen kowane furotin akwai sassan da ke gudun ruwa, su ne suke ɓuya a tsakiya su riƙe naɗin. Idan aka zuba SDS aka ɗumama zuwa kimanin digiri 95 na minti biyar, wutsiyoyin sabulun sai su kutsa su manne wa waɗannan sassa, dunƙulen ya warware ya zama igiya. Wasu sarƙoƙin suna da ƙulli na sinadarin salfa da sabulu ba ya iya kwancewa, don haka akan ƙara wani sinadari mai wari da ke tsinke shi. Dalili na farko ya tafi ke nan: babu sauran bambancin naɗi.

Na biyun ya fi ban sha'awa. SDS yana manne wa kusan kowane furotin da gwargwado ɗaya, kimanin giram 1.4 na sabulu ga kowane giram ɗaya na furotin, wato kusan ƙwayar sabulu ɗaya ga kowane amino asid biyu. Kowace ƙwaya ta zo da cajinta na ɗebewa. Cajin da sabulu ya lafta ya yi yawan da ɗan cajin asali na furotin ya nitse a ciki. Yanzu kowa ya sa riga iri ɗaya, kamar ɗalibai ranar Litinin.

Sai dai wata sabuwar matsala ta taso. Ku ɗauka ana ɗaura sa ɗaya ga kowane buhu biyu a amalanke. Mai buhu huɗu shanu biyu ke jan ta, mai buhu ashirin shanu goma. A fili fetal, gudunsu zai zama ɗaya, domin babbar ta fi nauyi amma ta fi masu ja. Haka furotin mai rigar sabulu yake a cikin ruwa zalla: babba da ƙarami tare za su isa. A nan ne ake buƙatar rariya.

Rariyar da ido ba ya gani

Duk wanda ya taɓa barin romon ƙafar saniya ya kwana cikin sanyin hunturu ya san yadda yake daskarewa ya riƙa rawa. Irin wannan abu ake kira jel. Ruwa ne mafi yawansa, amma akwai zaruruwa sirara da suka sarƙe a ciki, da ƙananan ƙofofi a tsakaninsu. A ɗakin gwaje-gwaje ana haɗa jel daga sinadarin akirilamaid, wanda guba ne ga jijiyoyi kafin ya daskare, shi ya sa ba a taɓa shi sai da safar hannu. Ana zuba shi tsakanin gilasai biyu, a bar 'yan ramuka a sama inda za a ɗiga samfur.

Da an kunna lantarki, duk igiyoyin furotin sai su nufi ɓangaren tarawa, amma sai sun ratsa wannan sarƙaƙiya. Gajeriyar igiya tana sulalewa, doguwa tana maƙalewa nan da can. Bayan kamar awa ɗaya ƙanana sun yi nisa, manya suna baya, kowane girma ya tsaya a layinsa. Ku lura da bambanci da rariyar gida: a can tsaki tsayawa yake yi ɗungum, a nan kowa yana wucewa, jinkiri ne ya bambanta.

A gefe kuma akan sa wani samfur na furotin waɗanda aka riga aka san nauyinsu. Layukansu sukan jeru kamar matakalar tsani, har ma tsani ake kiransa. Da shi ake kwatanta sauran, kamar yadda ake ɗora rula a gefen layi.

A 1967 wasu masana uku a Amurka, Shapiro da Viñuela da Maizel, suka nuna cewa ana iya ƙiyasta nauyin furotin ta wannan hanya. A 1969 Klaus Weber da Mary Osborn a Jami'ar Harvard suka gwada ta a kan furotin 40 da aka san nauyinsu, suka tabbatar tana aiki. A 1970 Ulrich Laemmli, ɗan ƙasar Suwizalan da ke aiki a Kambirij, ya kyautata haɗin ruwan har layukan suka riƙa fitowa siri-siri. Shi burinsa shi ne ya san furotin nawa ne ke gina kan wata ƙwayar bairos mai cin bakteriya. Takardar da ya wallafa a mujallar Nature ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ambata a tarihin kimiyya, saboda kusan kowane ɗakin binciken halittu a duniya yana bin tsarinsa.

Saura abu ɗaya: mafi yawan furotin ba su da launi, don haka sai an yi rini kafin a ga layukan. Ana tsoma jel a wani shuɗin rini, sannan a yi ta ɗauraya har shuɗin ya fita daga ko'ina sai inda furotin yake. Sunan rinin Coomassie, kuma tsohon rubutun Turawa ne na sunan birnin Kumasi ta ƙasar Gana. Wani kamfanin rini a Ingila ne ya laƙaba wa kayansa sunan a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da sojojin Birtaniya suka shiga birnin a 1896. Asalinsa rinin ulu ne, kuma ulu shi ma furotin ne, shi ya sa ya kama.

Hanyar tana da kyau, amma tana cin lokaci. Haɗa jel, gudu, rini da ɗauraya sukan cinye rabin yini ko fiye, kuma hannu yana shiga a kowane mataki. Ba a kuma iya ƙara ƙarfin lantarki don a gaggauta, domin lantarki yana haifar da zafi, zafi kuma yana karkatar da layukan ya dagula su.

Daga faranti zuwa ɗan gilashi

Idan kunu ya yi zafi muna sauri, mukan juye shi a faffaɗan kwano don ya huce da wuri. Abu siriri ya fi saurin sakin zafi. A 1981 James Jorgenson da Krynn Lukacs a Amurka suka yi ilektiroforesis a cikin bututun gilashi mai faɗin maikuromita 75. Maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, don haka ramin bututun ya yi kusan kaurin gashin kai. Tun da zafi na fita nan take, sai suka sami damar sa lantarki na dubban bolt, aikin awa ya koma na mintuna.

A 1990 Andreas Manz, wanda ke aiki a kamfanin Ciba-Geigy a birnin Basel na Suwizalan, ya kawo shawarar a tattara duk matakan gwaji a kan ɗan allo guda. A 1992 shi da Jed Harrison na Jami'ar Alberta ta Kanada suka nuna ilektiroforesis a cikin hanyoyin da aka sassaƙa a jikin gilashi. Dabarar sassaƙar aro ce daga masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta: a zana taswirar hanyoyin da haske, a sa asid mai cin gilashi ya haƙa su, sannan a rufe da wani gilashin. Wannan shi ne maikurocif. A 1999 kamfanin Agilent ya fito da na'urar Bioanalyzer mai aiki da irinsa, daga baya aka yi mata maikurocif na furotin.

Bari mu bi samfur mu ga tafiyarsa. Maikurolita huɗu kawai ake ɗiba, alhali ɗigon ruwa ɗaya ya kai kimanin maikurolita 50. A gauraya da SDS a ɗumama kamar yadda muka bayyana, a ɗiga a ɗaya daga cikin 'yan rijiyoyin da ke saman gilashin. A wannan karon ba daskararren jel ake sawa ba, domin zai yi wuyar cusawa. Wani ruwa mai yauƙi ake turawa cikin hanyoyin, kamar miyar kuɓewa, wanda dogayen zaruruwansa suka harɗe da juna suka zama rariya.

Hanyoyi biyu ne suka gitta juna suka yi mararraba. Da farko lantarki yana jan samfur ta gajeriyar hanya ya ratsa mararrabar. Sai kwamfuta ta sauya inda lantarkin ke bi, ɗan abin da ke tsakiyar mararrabar a wannan lokaci, wanda bai kai kashi ɗaya cikin dubu na maikurolita ba, ya shiga doguwar hanya. Wannan shi ne layin tashi na tseren, kuma saboda kowa daga wuri ɗaya matsattse ya tashi, tazarar santimita kaɗan ta isa a raba su. Kusa da ƙarshen hanya akwai hasken leza da idon na'ura. Kowane rukuni ya zo wucewa sai rinin da ke jikinsa ya yi ƙyalli, kwamfuta ta rubuta lokacin isowarsa da yawan haskensa. Lokaci yana nuna girma, haske yana nuna yawa. Cikin kimanin rabin awa an gama da samfur goma, ba tsoma hannu a rini, ba ɗauraya.

Lokacin da sabulu ya zama matsala

Maganin da ya warkar yakan zo da nasa ciwon. Idan sabulu ya yi yawa a ruwa, ƙwayoyinsa sukan taru su yi dunƙule, wutsiyoyi a ciki, kawuna a waje. Akwai wani mizani da sai an wuce shi dunƙulen ke samuwa, idan an sauko ƙasa da shi kuma su watse. Rinin da ake sawa a maikurocif ba ya ƙyalli sosai a ruwa zalla, sai ya shiga cikin maiƙon wutsiyoyin sabulu. Hakan ya yi daidai ga sabulun da ke jikin furotin. Amma hanyar cike take da dunƙulen sabulun da ba su ɗauke da komai, su ma rini yana shiga cikinsu su yi ƙyalli. Sai ya zama kamar neman hasken ashana da tsakar rana.

Luc Bousse da abokan aikinsa a kamfanin Caliper suka wallafa mafita a 2001. Dab da wurin hasken leza, sai suka haɗo wasu hanyoyi daga gefe masu kawo ruwan da babu sabulu. Ruwan yana tsarma sabulun har ya sauko ƙasa da mizanin, dunƙulen banza su watse haskensu ya mutu, wanda ke manne da furotin kuma ya ci gaba da ƙyalli. Ɗaurayar da ke cin awoyi a faranti ta koma abin da bai kai daƙiƙa ba. Irin wannan dabara ba ta yiwuwa sai inda ake iya sassaƙa hanyoyi yadda ake so.

Dangin sabulu suna da wani aikin kuma. Furotin yana son manne wa bango, musamman idan da roba aka yi maikurocif ɗin, kuma a siririyar hanya kusan ko'ina bango ne. Idan ya manne, layuka sukan ja jela su cakuɗe. Don haka akan shafe bangon da safaktan ko makamancinsa don furotin ya wuce sumul.

Ina amfaninsa?

Mu ɗauki maganin dafin maciji, irin wanda ake ceton manoma da makiyaya da shi a asibitin Kaltungo ta Jihar Gombe idan kububuwa ta sare su. Antibodi ne da ake tacewa daga jinin doki ko tunkiya. Idan sauran furotin na dabbar, kamar albumin, suka biyo shi da yawa, jikin majiyyaci yana iya yin mummunan bore. Tankaɗe da SDS yana cikin gwajin da masu haɗa shi ke yi don su ga ko ya tsarkaka. Idan an tsinke ƙullin salfa, cikakken antibodi yakan rabu gida biyu, sarƙa mai kimanin dalton 50,000 da mai 25,000. Duk wani babban layi da ya fito a wani wuri abin tambaya ne. Haka kamfanonin magungunan daji da alluran rigakafi ke duba kayansu, kuma saboda samfur ɗinsu na da yawa, saurin maikurocif yana yi musu rana. Masu binciken abinci ma suna amfani da shi wajen bambanta irin alkama da duba furotin ɗin madara.

Har sunayen wasu furotin daga wannan tsere suka fito. Furotin p24 na ƙwayar cutar HIV, wanda ake nema a wasu gwaje-gwajen jini, an sa masa sunan ne don ya tsaya a layin dalton 24,000. Amma hanyar ƙiyasi take bayarwa, wani lokaci kuma takan zarce. Furotin p53, mai tsare jiki daga ciwon daji, ya tsaya a layin 53,000 aka sa masa suna, daga baya lissafin duwatsunsa ya nuna nauyinsa kimanin 44,000 ne. Yanayin sarƙarsa ne ya sa ya yi nawa. Mai hankali yakan tabbatar da sakamako ta hanya ta biyu.

Inda ba a son sabulu

Mu koma kan sikila kamar yadda muka yi alkawari. Bambancin nauyi tsakanin gulutamik asid da balin dalton 30 ne kacal, a sarƙar da ta kusa 16,000. Babu rariyar jel da za ta ga wannan. Abin da ya raba A da S shi ne caji, sabulu kuwa aikinsa shafe caji. Da za a zuba SDS a gwajin jinotayif, da jinin AA da AS da SS duk layi ɗaya za su bayar. Saboda haka a wannan gwaji ba a sa shi. Ana ɗiga jinin da aka fasa ƙwayoyinsa a kan wata takarda ta musamman, a kunna lantarki: A ya fi nisa, S yana bayansa, C kuma, wanda ya sami dutse mai cajin tarawa a wannan gurbi na 6, shi ne na ƙarshe. Layi ɗaya a wurin A shi ne AA, layi biyu a A da S shi ne AS. Lantarkin ɗaya ne, tambayar da mai bincike ke yi ita ke nuna ko zai sa sabulu ko ba zai sa ba.

Shi ma wannan gwaji an ƙanƙantar da shi. Umut Gurkan da ɗalibansa a Jami'ar Case Western Reserve ta Amurka sun ƙera wani maikurocif mai takarda a ciki, mai suna HemeChip, wanda ke ba da sakamako cikin ƙasa da minti goma daga ɗigon jinin yatsa. Kano na cikin wuraren da aka gwada shi a kan yara, kuma yanzu ana sayar da na'urar da sunan Gazelle. Dalilin zuwa Kano a fili yake: Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, kimanin 150,000 a shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da jinotayif. Shawararmu ita ce kada ku jira sai an sa rana. Ku nemi izinin iyaye ku yi gwajin tun yanzu a asibitin da aka amince da shi, ku adana takardar. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin watanni uku da suka wuce ya gaya wa ma'aikacin, domin jinin aro yana iya ɓata sakamako.

Gwajin gida da tambayoyin mako

Ku sami gorar ruwa biyu marasa komai. Ku zuba ruwa zuwa rabi a kowace, da cokali ɗaya na man gyaɗa. A ɗaya ku ƙara ɗan garin wanki. Ku rufe, ku girgiza sau 20, ku ajiye, ku duba bayan minti ɗaya, minti biyar da minti 30. Ku rubuta abin da kuka gani, ku bayyana shi da kai da wutsiyar sabulu. Ku zubar da ruwan idan kun gama, kada ƙanne su sha.

Ga tambayoyi uku ku tattauna da malamin kimiyya:

1. Wani furotin yana da amino asid 300. Kimanin dalton nawa ne nauyinsa?

2. An sa insulin da albumin a maikurocif tare da SDS. Wanne zai fara isa wurin hasken leza, kuma me ya sa?

3. Himogulobin cikakke ya kai kimanin dalton 64,500. Idan an dafa shi da SDS, a kusa da wane layi kuke sa ran ganinsa? Ku tuna sarƙoƙi nawa gare shi.

Za mu kawo amsoshin a fitowa ta gaba. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, a ci gaba da karatu da himma.